Gilashin 35mm ko na 85mm: wanne ya dace da Panteka?

A Panteka, kasuwar maƙera da ke Kaduna, gilashin kyamara na 35mm yana kwaso wuri da faɗi: maƙeri, gudumarsa, tulin tukwanen alminiyam da yaron da ke hura wuta, duk a hoto guda. A nan labarin yake. Amma sai ka matso kamar mita biyu, wato dole ka yi sallama ka nemi izini. Sa kafar shigar haske a f/8, wato a tsuke, don gaba da baya su fito tas, da saurin ɗauka 1/500 na daƙiƙa don guduma ta tsaya cak. Matsalarsa tarkace: wayar lantarki, leda, Keke Napep da ya kutso ta gefe. Duba kusurwoyi huɗun kafin ka danna. Idan ka matso ƙasa da mita ɗaya kuma, hanci da hannu za su kumbura.

Na 85mm tsari yake fitarwa. Daga mita shida yana matse jerin bokitai su zama kamar zanen atamfa, a f/2.8 kuma, wato kafar a buɗe, abin da ke baya ya dushe. Sai dai lungunan Panteka da Kasuwar Barci ƙunci gare su, babu wurin ja da baya, kuma hazon hunturu yana rage kaifin abin da ke nesa.

A ganina, mai neman labari ya fara da 35mm.