Aikin buɗe magudanar ruwan sanruf: yoyo ya tsaya, amma da saura

Duk mai motar tokunbo mai sanruf, wato gilashin rufin mota da ake buɗewa, a Kano ya san yadda ake fama idan ruwan Agusta ya kankama. Tawa ta fara da ɗigo a ɓangaren direba, daidai inda rufi ya haɗu da ginshiƙin gilashin gaba, daga nan kafet ya jiƙe, wari ya kama motar. Wanda ya fara taɓa ta ya ce roba ce ta mutu, ya bi gefen gilashin sanruf ɗin ya shafe da gam, ya karɓi kuɗinsa. Da aka sake ruwa, a gwiwata ya zuba, ga gilashin kuma ya daina buɗuwa. Har yau in na tuna kuɗin nan raina yana ɓaci.

Sharhin nan kan aikin wani matashi ne mai gyaran ƙofa da gilashin mota, wanda maƙwabcina ya haɗa ni da shi. Ya kankare gam ɗin a hankali, ya buɗe gilashin, sannan ya aiki yaronsa ya ɗauko buta. Ya ce mini, "Yallaɓai, robar nan dama ba ta tare ruwa duka. Ruwan da ya wuce ta, akwai hanyar da aka yi masa." Ya nuna mini magudanar da ta kewaye ƙarƙashin gilashin, da 'yan ramuka a kusurwoyi huɗu, kowanne da siririn tiyo. Biyu na gaba suna sauka ta cikin ginshiƙi su fito ta wajen bayan tayar gaba, biyu na baya su bi ta baya.

Ya tsiyaya ruwan buta a kusurwar dama, nan take muka ga yana zuba a ƙasa. Ya tsiyaya a ta hagu, ruwan ya tsaya cik, ya fara cika. Ƙurar hunturu ce da ɓurɓushin ganyen darbejiyar da nake ajiye motar a ƙarƙashinta suka taru, ruwan farkon damina ya kwaɓa su suka zama laka. Yaronsa ya ce a kira mai faci ya hura iska, ya hana shi, ya ce iskar injin faci kan fizge tiyon daga mahaɗinsa, ruwan ya koma zuba cikin rufi, sai an sauke silin kafin a mayar. Waya ma ya ƙi, don tana huda tiyo. Zaren nailan mai kauri, irin na injin yankan ciyawa, shi ya zura, yana murzawa da yatsu biyu yana turawa kaɗan-kaɗan, in ya ji ya cije sai ya ɗan ja baya. Sannan ya durƙusa ya lalubo bakin tiyon ta ƙasa ya matsa. Baƙar laka ta fito, ruwa ya biyo ta, da fari gurɓatacce, daga baya garau. Wallahi na ji daɗi ƙwarai, kuma abin da ya karɓa bai kai na mai gam ba.

Sai dai ba zan ɓoye ba, akwai inda ya ɓata mini rai. Na baya biyun bai yi niyyar dubawa ba sai da na matsa masa, kuma ashe ɗaya ruwan da ƙyar yake wucewa. Wajen cire murfin ginshiƙi ya karya maƙalli ɗaya bai faɗa mini ba, sai da na hau titi na ji abu yana kaɗawa kusa da kunnena. Ya bar mini shatin hannu mai baƙin mai a farin silin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kafet. Mutumin da ya san wannan aiki ya san soson da ke ƙarƙashin kafet yana riƙe ruwa, kuma wayoyin lantarki suna bi ta wajen. Bai ɗaga ba, bai ce in kai a ɗaga ba. Warin ya ci gaba har sai da masu kushin suka cire kujera suka shanya soson a rana.

An yi ruwa mai ƙarfi tun bayan aikin, ko ɗigo ban gani ba. Ya ce in riƙa goge magudanar da tsumma, in gwada ta da buta idan hunturu ya wuce, kafin ruwan farko, kuma na canza wa motar wurin kwana. Zan iya tura mutum wajensa kan toshewar sanruf, amma ya tsaya a kansa har a gwada ramukan huɗu, ya kuma duba murfin ginshiƙi kafin ya biya. Maƙallin nan ya yi mini alkawarin sabo, har yanzu ina jira.