Faci Ba Tare da Kashe Na'ura Ba: Wata Takwas da Livepatch

Wata takwas ke nan da na kunna Livepatch na kamfanin Canonical, manhajar da ke toshe ɓarakar tsaro ba tare da an kashe na'ura ba, a kan sabar (wato babbar kwamfutar) da ke riƙe da lissafin shagunan maganinmu uku a Kano. Ubuntu 22.04 ce a kanta, wani nau'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar.

A da, in aka gano ɓaraka a kanel, wato zuciyar Linux, sai in jira ƙarfe biyun dare, in sa gyaran, in sake kunna na'urar, in zuba wa allo ido gabana na faɗuwa. Minti huɗu ne kacal, amma in ta ƙi tashi, da asuba zan hau babur in je inda take. Tsoron nan ya sa nakan bar gyara ya yi sati uku yana jira, kuma ganganci ne, domin bayanan mutane ne a ciki.

Yanzu facin da kansa yake shigowa, yaran shago na ta buga rasit ba su ma san an yi ba. Ba a cire ɓangaren da ke da lahani. Gyararre ake ɗorawa a gefensa cikin ƙwaƙwalwar na'ura, sai a karkatar da duk kiran da ya nufi tsohon zuwa sabon ta hanyar ftrace, wani kayan aiki da ke cikin kanel ɗin, kamar yadda ake buɗe wa motoci ratse in gada ta tsage. Dabarar ta daɗe: a jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro Ksplice mai irin wannan aiki, Oracle ya saye shi a 2011, Red Hat da SUSE suka fito da kpatch da kGraft a 2014, abin ya shiga Linux 4.0 a 2015.

Kunnawa ba wuya: ka rubuta umarnin pro attach, sannan pro enable livepatch. Kyauta ne har na'ura biyar ga mai amfanin kansa.

Sai dai a san iyakarsa. Kanel kaɗai yake yi wa faci, shi ma sai ɓaraka mai tsanani. In gyaran OpenSSL ne ko glibc, ɓangarorin da ke wajen kanel waɗanda manhajoji ke dogara da su, manhajar da ke gudana tana nan riƙe da tsohon har sai ka sake tayar da ita, don haka nake duba needrestart, mai nuna manhajojin da ke buƙatar a sake tayar da su, bayan kowace sabuntawa. Sabon kanel cikakke kuma dole sai an kashe an kunna.

Har yanzu ina sake kunna sabar, amma ni nake zaɓen lokacin: ranar Juma'a, da an rufe shaguna za a tafi masallaci.