Wane jirgin ruwa na katako ya kamata ka saya ka haɗa: Victory, Vasa, ko mai jigo biyu?

Hoton da ke bayan kwali shi ke yaudarar yawancin masu sayen samfurin jirgin ruwa na katako. A hoton jirgi ne kammalalle, igwogi a jere, igiyoyi a miƙe. A cikin kwalin kuwa sili-silin katako ne a ɗaure, da allunan filawud da aka yanka da leza, da ƙullin zare, da 'yan ledoji cike da ƙananan ƙarafa, sai manyan takardun zane. Tsakanin kwalin da hoton akwai aikin watanni, ga manyan jirage ma na shekaru. Don haka tambayar da ta dace ita ce: wane irin aiki kake iya maimaitawa sau ɗari ba ka gaji ba?

Mu fara da jirgin da kowa ke kwaɗayi. An saka HMS Victory a ruwa a 1765, shi ne jirgin da Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya jagoranci yaƙin Trafalgar a kansa a 1805, kuma har yau yana nan a Portsmouth ta Ingila. Igwa 104 gare shi, galibinsu a hawa uku. Kowace igwa tana da tagarta da za a yanke daidai da ta kusa da ita, waɗanda ke fili kuma kowace da kekenta da igiyoyinta. Ƙasan jirgin lulluɓe yake da fallayen jan ƙarfe, a samfuri ma ɗaya bayan ɗaya ake manna su, sun haura dubu biyu. Na kamfanin Caldercraft, mai ma'aunin 1:72, wato ya fi jirgin gaske ƙanƙanta sau 72, tsawonsa ya kusa mita ɗaya da santimita 40. Kaya ne mai inganci, ban musa ba, amma wanda bai taɓa lanƙwasa katako ya rufe gaban jirgi ba, in ya fara da shi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. USS Constitution na Amurka, wanda aka saka a ruwa a 1797, igwoginsa ba su kai haka ba, sai dai shi ma, kamar Victory, jigo uku gare shi, wato dogayen sandunan da ke tsaye a kan jirgi suna riƙe da ƙyallen kama iska, kuma samfurin kamfanin Model Shipways ya wuce mita ɗaya.

Vasa wahalarsa daban ce. Jirgin Suwidin ne da ya nutse a tashar Stockholm a fitarsa ta farko a 1628, aka tsamo shi a 1961. Jikinsa cike yake da ɗaruruwan sassaƙe, a kwali kuma suna zuwa ne a zube da ƙarfe ko roba, kai za ka goge su ka yi musu fenti da ɗan siririn burushi. In kana son fenti, bismilla. Cutty Sark na 1869 ba shi da jerin igwogi, amma abin da ka huta a nan za ka biya shi a igiya da sarƙa.

Shawarata ga mai son babban aiki wanda kuma yake son ya ga ƙarshensa ita ce jirgi mai hawa ɗaya, mai jigo ɗaya ko biyu, a ma'aunin 1:64. Lady Nelson na kamfanin Amati da Sherbourne jigo ɗaya ne, tsawonsu wajen rabin mita, amma duk darasin da ke cikin Victory yana cikinsu: rufe jiki da katako, igwa, jigo, igiya. HMS Speedy na Vanguard Models mataki ne na gaba, jigo biyu, igwa 14, ga tarihi mai daɗi, don da shi Thomas Cochrane, hafsan sojan ruwan Birtaniya, ya kama El Gamo na Sifaniya a 1801, jirgin da ya ninka shi girma. Wanda ya dage sai jigo uku, ya duba Pegasus na Amati. Wanda ba ruwansa da yaƙi, Bluenose na Kanada, jirgin kamun kifi da tsere na 1921, jikinsa santala ne, igiyoyinsa da sauƙi. In kuwa ko kwalekwale ba ka taɓa haɗawa ba, Model Shipways suna da jerin ƙananan jirage uku da David Antscherl ya tsara don koyo, kuma babu abin kunya a fara da su.

Maganar ma'auni tana rikita mutane. Ana ɗauka ƙaramin samfuri ya fi sauƙi, alhali akasin haka ne. A 1:96 ko 1:100, 'yan guntayen katakon da igiya ke ratsawa ba su fi ƙwayar hatsi ba, sai da hantsaki da madubin ƙara girma ake kama su. A 1:48 komai na kamuwa a hannu, sai dai jirgin ya cinye ɗaki. 1:64 ya zauna a tsakiya, shi ya sa kamfanoni da yawa suka raja'a a kansa.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma mai saye bai cika dubawa ba, shi ne yadda aka tsara jikin jirgin. Akwai wanda ke zuwa da dunƙulen katako da aka riga aka sassaƙa, kai gyara kawai za ka yi. Ana cewa na masu koyo ne, amma daidaita gefen dama da na hagu da sanfefa ba wasa ba ne. Akwai wanda ake gina haƙarƙarinsa ɗaya-ɗaya kamar jirgin gaske, wannan na gwanaye ne. Mafi yawa su ne na tsakiya: allo ɗaya a tsaye a matsayin ƙashin baya, a soka masa alluna a gicciye, sannan a rufe da sili-silin katako. A nan ma kashi biyu ne. Kamfanonin Turai, irin su Amati da Corel na Italiya, OcCre da Artesanía Latina na Sifaniya, da Caldercraft, galibi rufi biyu suke bayarwa: na farko farin katako mai laushi da kauri, wanda za ka cike ramukansa ka goge, na biyu siriri mai kyan launi da ke ɓoye duk abin da ya faru a ƙasa. Model Shipways sun fi ba da rufi ɗaya na katako mai laushi da za a shafe da fenti. Rufi biyu aiki biyu ne, amma yana ba ka damar koyo a inda ba wanda zai gani, kuma ga sabon hannu ni shi na fi so. Ko wanne ka zaɓa, abu biyu ba makawa. Sai ka goge bakin allunan nan na gicciye har silin katako ya kwanta a kansu lif babu tsalle. Sannan sai ka riƙa rage faɗin kowane sili wajen gaba, domin cikin jirgi ya fi hancinsa faɗi. Wanda ya tsallake waɗannan, ko kayan wane kamfani ya saya, jikin jirginsa zai fito da ƙusumbi.

Sai littafin jagora. Wasu tsofaffin kayan Italiya da aka tsara shekaru da dama da suka wuce suna zuwa da zane mai kyau da bayani ɗan taƙaitacce, wanda ya ɗauka ka riga ka san aikin. OcCre sun fi dogara da hotuna mataki-mataki da bidiyo, amma ba su cika matsa wa kansu kan daidaito da tarihi ba. Vanguard suna da littafi mai kauri cike da hotuna. Model Shipways zanensu na da zurfi, sai dai suna barin ka ka ƙera abubuwa da yawa da kanka daga sandar katako. Kamfanoni da dama suna sa littafin a intanet kyauta. Sauke shi ka karanta kafin ka biya, musamman sashen igiya. In ka karanta sau biyu ba ka gane inda igiya ta taso da inda aka ɗaure ta ba, ajiye wannan kwalin. A kula kuma da jabu: akwai masu kwafar zanen wasu su sayar da arha, katakonsu ba kyau, in wani abu ya ɓace ba wanda za ka nema.

Kuɗin kwali ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Kayan aiki ba su cika zuwa a ciki ba, fenti da gam ma sau da yawa haka. Kana buƙatar wuƙar fiɗa mai baki lamba 11 da bakuna da yawa, ƙaramin zarto, abin huda na hannu da tsinkensa daga rabin milimita zuwa biyu, sanfefa kala-kala, hantsaki, ruler ta ƙarfe, ƙananan abin matsewa masu yawa, da fitila mai haske. Farin gam na kafinta shi ne na katako da katako, sufa-gulu kuma na ƙarfe, a yi hattara da shi don yana ɓata launin katako kuma tururinsa na damun hanci da ido. Lanƙwasa katako ba ya buƙatar inji: jiƙa shi, ka ɗumama da ƙarfe mai zafi, ka bar shi ya bushe a siffar da kake so. Injinan wuta bar su tukuna. Zaren kwali in mai gashi-gashi ne, ratsa shi ta kakin zuma, ko ka sayi wani.

Da kwalin ya iso, buɗe shi ka ƙirga kaya da jerin da ke cikin littafin, tun kamfani na iya aiko maka da abin da babu. Ɗora allon ƙashin baya a kan gilashi ko teburi mai santsi ka ga ko ya karkace, domin in ka yi gini a kan karkataccen allo, jirgin duka zai bi shi. Haɗa masa katakon gindi mai matse shi a miƙe. Sili-silin kuma ajiye su a kwance, nesa da rana da danshi.

Tun kafin saye ka auna inda jirgin zai zauna. Tsawon da aka rubuta a kwali bai isa ba, duba tsayi da faɗi, don sandunan da ke gicciye a jigo suna fitowa waje sosai. Ƙura in ta shiga igiya ba ta goguwa da tsumma, sai akwatin gilashi ko na roba mai haske, wanda zai ɗara jirgin da 'yan santimitoci ta kowane gefe. Na Victory mai 1:72 zai kai mita ɗaya da rabi a tsawo, ya haura mita ɗaya a tsaye.