Kujerar Baba a jirgi: tafiya lafiya, dawowa da ɓacin rai

Shekara biyu ke nan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Yana iya miƙewa in ya dafa wani abu, amma ba ya iya taku uku shi kaɗai. A watan jiya na raka shi ganin likita a jirgin sama, awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, duk a kamfani ɗaya. Ba zan kama sunansu ba, abin da na gani kawai zan faɗa.

Da na yanki tikiti a intanet, kujerun bakin ƙofar fitar gaggawa na zaɓa, don Baba ya samu wurin miƙe ƙafa. Sun ce mai neman taimako ya sanar da su aƙalla awa 48 kafin tashi, sai na buga waya. Matar da ta ɗauka ta yi mini tambaya uku: yana iya takawa zuwa jirgi? Yana hawa matakala? Yana iya kai kansa kujera? Duka na ce a'a. Ta rubuta masa WCHC, alamar da kamfanonin jirage ke sa wa fasinjan da sai an kai shi har mazauninsa, sannan ta ce bakin ƙofar nan ba zai yiwu ba. Raina ya sosu, amma bayaninta ya shige ni. Mai zama a wurin dole ya iya buɗe ƙofar in hatsari ya auku, kuma ana gwada manyan jirage ne a kan kowa ya fice cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofin. Wannan doka ban ga laifinta ba.

Na ce to a ba mu jerin farko mai fuskantar bango. Ta ce, "Kada ka so masa nan. Hannun kujerun ba ya ɗaguwa, don a cikinsa ɗan teburin yake." Wallahi ban taɓa lura ba. Ta tambayi wane ɓangare ne mai lafiya, ta ba mu jeri na 4 ta dama, Baba a jikin taga bisa ƙa'idarsu don kada ya tare wa wani hanya, ni a gefensa. Ranar tafiya mu aka fara shigarwa. Suka ɗora shi a siririn keken nan da ke bin tsakanin kujeru, suka ɗaure shi da bel, suka ɗage hannayen kujerun duka, ya dogara da hannun damansa ya ja jiki a hankali ya zauna. Minti biyu, babu idon kowa a kansa.

A dawowa aka sauya jirgi, aka wargaza kujerun, ba wanda ya kira ni. Baba a 19A, ni a 27C. Motar da ke ɗaga marasa ƙarfi zuwa ƙofar jirgi ta makara, muka tarar kowa ya zauna. Hannun kujerar bakin hanya ya ƙi ɗaguwa. Ƙarti biyu suka ciccibe shi, ɗaya ta hammata, ɗaya ta gwiwa, suka tsallakar da shi, shanyayyen hannun yana reto, takalminsa ya suɓule ya faɗi. Na ce, "Baba, sannu." Bai amsa ba, ya kawar da kai wajen taga. Wani bawan Allah ne ya tashi ya ba ni kujerarsa.

A takardar koken da na aika musu na rubuta cewa ba alfarma nake roƙo ba. A Amurka, jirgi mai kujera 30 ko fiye dole rabin kujerun bakin hanya su kasance masu ɗaguwar hannu. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 kuma ta ce kamfani ya yi iya ƙoƙari ya zaunar da ɗan rakiya kusa da wanda yake rakawa. Alamar WCHC tana jikin tikitin Baba, wanda ya sake raba kujerun ne bai duba ba.

Ma'aikaciyar wayar da masu hidimar tafiyar farko sun cancanci yabo. Amma sai na ga amsarsu a rubuce kafin in sake yankar tikiti a wurinsu. Likita ya ce mu koma bayan wata uku, jiya kuma Baba ya tambaye ni ko awa nawa ne in a mota za mu je.