West Point, Annapolis ko Colorado Springs: ina yaro zai yi makon gwaji?

Iyayen da 'ya'yansu suka taso a Amurka sukan ji cewa makarantun horar da hafsoshin soja ba a biyan kuɗin makaranta, har alawus ake ba ɗalibi duk wata. Gaskiya ne. Amma biyan yana zuwa daga baya: wanda ya kammala shekara 4 sai ya yi aƙalla shekara 5 yana aikin soja, matuƙin jirgin sama kuwa nasa ya fi haka tsawo. Shi ya sa nake ganin makon gwajin da makarantun ke shiryawa lokacin dogon hutu, ga waɗanda suka gama aji 11, wato na kusa da na ƙarshe a sakandare, ya fi duk wata takardar talla amfani.

West Point, da ke bakin kogin Hudson a jihar New York, ita ce mafi daɗewa, tun 1802, kuma tana fitar da hafsoshin sojan ƙasa. Shirinta na mako guda, Summer Leaders Experience, ya dace da yaron da ke son jagorantar mutane a fili, cikin rana da taɓo. Makarantar sojan ruwa ta Annapolis a jihar Maryland, wadda aka kafa a 1845, tana da Summer Seminar na kwana 6 a watan Yuni, kuma takardar neman shiga shirin ita ce matakin farko na neman makarantar kanta. Ta fi sauran yawan ƙofofi: jirgin ruwa, jirgin ƙarƙashin teku, tuƙin jirgin sama, ko rundunar Marine, wato dakarun da ke kai farmaki a ƙasa daga teku.

Ta sojan sama tana Colorado Springs, a tudun da ya haura ƙafa 7,000. Yaron da ya saba gudu a Houston ko Bronx zai ji ƙirjinsa na zafi tun zagayen farko, domin iskar wurin ba ta cika huhu. Gara ya ɗanɗani wannan a 'yan kwanakin gwaji kafin ya ɗaure kansa.

Wadda ake yawan mantawa da ita ita ce makarantar masu tsaron gaɓar teku da ke New London a Connecticut, kuma ni ita nake so iyaye su fara dubawa. Shirinta, AIM, ana yin sa a watan Yuli, an kuma san shi da tsanani: tashin asuba, tsawa, fareti, kusan yadda sababbin ɗalibai ke shan wuya. Babban sauƙinta shi ne, wajen neman shiga makarantar kanta, ba ta buƙatar ɗan majalisa ya gabatar da kai. Sauran ukun kuwa galibi sai an sami gabatarwar ɗan majalisar wakilai na mazaɓarku, ko ɗaya daga sanatocin jiharku biyu, ko mataimakin shugaban ƙasa, kuma kowane ɗan majalisa gurbi 5 kawai yake da shi a kowace makaranta a lokaci guda. Iyalin da ba su daɗe da zama a ƙasar ba sukan tsorata da wannan, alhali ba sanayya ake nema ba: fom ne da ganawa da kwamiti.

Sharuɗɗan shiga makarantun kansu kusan ɗaya ne. Dole yaro ko yarinya ya zama ɗan ƙasa, katin zama na dindindin bai wadatar ba. Shekaru daga 17 zuwa ƙasa da 23, ba aure. Mai fasfo biyu, na Amurka da na Najeriya ko Nijar, ya tambayi jami'in ɗaukar ɗalibai tun da wuri yadda hakan zai shafi tantancewar tsaro. A tambayi batun abincin halal da sallar Juma'a ma, a ji daga bakin ɗaliban da ke ciki.

Ana buɗe neman shirye-shiryen ne tsakanin Disamba da farkon shekara, ana biyan kuɗin shiga, kuɗin tafiya kuma na iyaye ne. Ku nemi biyu ko uku, don gurbin kaɗan ne. Wanda bai samu ba kada ya karaya, rashin zuwa ba ya hana shiga makarantar. Ya ci gaba da shirin gwajin ƙarfin jiki mai kashi 6 da West Point, Annapolis da Colorado Springs ke buƙata, wanda ya haɗa da jifan ƙwallon kwando daga durƙushe da gudun mil guda, ya kuma fara neman takardar ɗan majalisa tun kafin a koma aji 12.