Babbar firinta ta ƙi karɓar katrij: wane cif ya kamata ka saya?

Duk mai shagon da ke buga fosta da manyan hotuna da zanen gini ya san wannan tashin hankalin. Aiki na tsaka da fita, sai injin ya tsaya cak, ya rubuto cewa bai gane katrij ba, wato mazubin tawada, ga tawada kuwa fal a ciki. Laifin yawanci na ɗan ƙaramin allon nan ne mai ɗigo-ɗigon ruwan zinare da ke manne a jikin katrij, wanda muke kira cif. A cikinsa aka rubuta launin tawadar da irin injin da aka yi ta dominsa da yawan abin da ya rage. Cif ba ya leƙa cikin katrij ya auna komai. Injin ne ke ƙirga ɗigon da ya fesa yana rage lissafi, shi ya sa ko ka cika katrij har baki, in lissafi ya kai sifiri, a wurin injin tawada ta ƙare.

Kafin ka fitar da ko kwabo, kashe injin, zare wayar wuta, ciro katrij ɗin. Sami ƙyalle marar gashi ka ɗiga masa sifirit irin na masu gyaran waya, ka goge fuskar cif ɗin a hankali, ka bari ya bushe. Haska tocila cikin ramin da katrij ke shiga ka duba 'yan siraran ƙarafan da ke taɓa cif, ko ɗaya ya lanƙwashe ko tawada ta bushe a kai. Da hunturu, ƙura kaɗai ta isa ta jawo wannan, kuma sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Sannan karanta saƙon da kyau, don akwatin da ke tara dattin tawada shi ma yana da nasa cif ɗin, mutane kuma kan yi ta canza katrij alhali shi ne ya cika.

In gogewa ba ta yi ba, sai maganar saye.

Katrij na asali ba shi da abin cewa sai tsada. Mai buga hotunan da za a rataya shekara da shekaru, ko wanda garantin injinsa bai ƙare ba, ya daure ya tsaya a kansa. Na'urar da ke mayar da lissafin cif baya kuwa ta yi zamaninta a kan tsofaffin Epson Stylus Pro irin su 7880 da 9880, amma a yawancin sababbin injuna ajiyar kaya ce kawai. Dikoda, wato allon da ake haɗawa cikin injin ya riƙa nuna cike kullum, sai an buɗe inji an taɓa wayoyin uwar allo, ni kuma ba na ba yaro sukundireba ya shiga cikin jarina.

Abin da nake amfani da shi, kuma nake ba kowa shawara, shi ne katrij na roba mai haske wanda ake cikawa, tare da cif mai aiki sau ɗaya. Ka cika katrij, ka manna sabon cif, injin ya ƙirga har ya kai ƙarshe, ka ɓamɓare ka sa wani. Mutane na ƙorafin cewa kullum cikin sayen cif kake. Gaskiya ne. Amma duba lissafin: jerin Epson SureColor T3200 da T5200 da T7200 suna ɗaukar katrij biyar, baƙi iri biyu da shuɗi da ja da rawaya, a girman mililita 110 ko 350 ko 700. Wanda ya ɗauki mai 700 zai daɗe yana aiki kafin ya nemi wani cif, kuɗin cif ɗin kuma in ka raba shi a kan fostocin da ya fitar, ba ya kai abin magana. Abin da ya fi jan hankalina shi ne lissafin injin da tawadar da ke cikin katrij suna tafiya tare. Ranar da ya ce saura kaɗan, da gaske saura kaɗan ne. Kuma in cif ɗaya ya mutu, shi kaɗai za ka jefar, sauran huɗun suna nan. Ni dai a aljihun tebur ina da saiti guda a ajiye cikin ledarsa, ba na bari ya yanke.

Cif mai sabunta kansa, wato wanda lissafinsa ke komawa cike da kansa, shi ne ya taɓa ƙona ni. Ana saura 'yan makonni zaɓen 2023, aikin fostocin 'yan takara ya yi mana yawa har muna kwana a shago. Wani mai kawo kaya ya lallaɓe ni da cewa wannan sau ɗaya ake saya, an huta har abada. Yaron shago ya zare katrij ɗin rawaya ya mayar, cif ya koma cike a allo, ba wanda ya tuna ya zuba tawada. Injin ya yi ta ja har ya zuƙi iska cikin bututu. Fuskar ɗan takara ta fito shuɗi-shuɗi kamar wanda sanyi ya kama, muka yi asarar naɗin takarda, muka kwana biyu muna wanke kan injin da tawadar da ta fi cif ɗin kuɗi. Da na kira mai kayan, cewa ya yi ai laifin wutar lantarki ce. Tun daga nan na yi sallama da shi da cif ɗinsa.

Wanda bai sayi inji ba tukuna, kuma faɗin takarda inci 24 ya ishe shi, ya duba masu tanki irin Epson SC-T3100x ko Canon TC-20, waɗanda daga kwalba ake zuba musu tawada kai tsaye.

Yanzu ga inda 'yan damfara suke, kuma nan ne ya kamata ka buɗe ido fiye da ko'ina. Mai sayar da cif da bai tambaye ka cikakkiyar lambar injinka ba, bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani yana so ya sauke maka. Inji ɗaya kan zo da lamba daban gwargwadon kasuwar da aka yi shi dominta, wanda ake kira T3200 a Turai shi ne T3270 a Amurka, kuma a wasu jerin cif ɗin yanki ɗaya ba ya aiki a injin wani yankin. Mu da yawancin injunanmu na hannu ne, wani daga Amurka wani daga Dubai, dole ka ɗauki hoton takardar da ke bayan injin ka aika kafin ka tura kuɗi. Ka tambayi sigar manhajar da cif ɗin ke yi da ita. Kamfanonin firinta kan sabunta manhajar inji ta intanet, bayan haka cif ɗin da ba nasu ba ya daina aiki. HP ta yi haka a 2016 a kan wasu ƙananan firintocinta, aka yi ta surutu. Don haka in ka zaɓi cif na waje, shiga saitin injin ka kashe sabuntawa, ka kuma gargaɗi yaranka kada su danna komai in saƙo ya fito.

Akwai masu tattara tsofaffin katrij na asali su ɗura musu tawadar da ba a san asalinta ba, su manna wani cif, su mayar cikin kwali su ce sabo ne dal. Juya shi ka duba bakin da tawada ke fita ko an taɓa huda shi, ka duba gefen cif ko akwai ɓurɓushin gam, ka gwada ranar ƙarewar da ke kan kwali da wadda ke jikin katrij. Akwai kuma masu sayar da cif ɗin da aka riga aka cinye rabin lissafinsa. Sabon cif in ka sa shi, cike zai nuna. In ya nuna rabi, mayar masa da abinsa a ranar. Kar ka karɓi cif a zube cikin aljihu ko an naɗe a takarda, kar kuma ka sayi saiti goma karon farko don an rage maka farashi. Sayi launi ɗaya, ka sa a injin, ka buga aikin yini guda da shi, ka kashe ka kunna sau biyu ko uku ka ga ko zai ci gaba da gane shi, sannan ka koma ka ɗauki sauran.