Ka gaji duwatsu masu daraja: wane kayan gwaji za ka fara saya?

Duk wanda mahaifinsa ya yi harkar dutse a Jos, ko ya taɓa hawa Mambila neman safaya, zai iya buɗe akwatin marigayi ya tarar da ƙulle-ƙulle a leda da takarda. Kada ka warware su ka zuba wuri ɗaya. Safaya tana da tauri 9 a ma'aunin Mohs, tofas 8, don haka mai tauri zai karce ɗan'uwansa. Rubutun da tsoho ya yi a jikin takardar ma dukiya ne, a adana shi.

Yawancin mutane na'urar gwajin daimon suke fara saya, wadda ke ƙara idan an ɗora bakinta a dutse. Ni ban ba da shawararta ba. Irin mai auna zafi takan ɗauki moisanait, wani dutse mai kama da daimon da ake ƙerawa a masana'anta, a matsayin daimon, kuma duwatsun ƙasarmu galibi tomalin ne da akwamarin da tofas da safaya, waɗanda ba don su aka ƙera ta ba.

Madubin hannu mai ninka girma sau 10 ya fi ta araha, ya fi ta amfani. Nemi mai gilashi uku a haɗe, don ba ya karkata abin da kake kallo. Da shi za ka ga kumfar iska zagayayya, wadda sau da yawa alamar kwalba ce.

Amma in kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi ƙaramin sikeli mai auna 0.01 na giram. Karat ɗaya giram 0.2 ne, ka ga ba mai yi maka ƙwange a awo. Sannan ka ɗora kofin ruwa a kai, ka mai da sikelin sifili, ka rataya dutsen da zare a cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofi ba. Raba nauyin dutsen da ka auna kafin ka sa shi a ruwa da adadin da sikelin ya nuna yanzu. Safaya za ta ba ka kusan 4.0, tofas 3.5, tomalin 3.1, akwamarin 2.7. Shuɗin tofas da akwamarin suna rikita ido, amma a nan ba sa ɓuya. Kuma gwajin yana aiki a ɗanyen dutse.

Rifraktomita, na'urar auna yadda haske ke lanƙwasa a cikin dutse, sai dutsen da aka yanka aka goge, ga tsada, don haka ta jira.

Duk cikinsu babu mai tabbatar wa sabon shiga cewa yakutu na ƙasa ne ko na masana'anta, domin tun 1902 aka bayyana hanyar ƙera shi. Wannan aikin ɗakin gwaji ne irin GIA, cibiyar binciken duwatsu masu daraja ta Amurka, kuma dutse ɗaya ko biyu mafi kyau kawai suka cancanci kuɗin. Mai yi muku ƙima kada ya zama shi ne mai saye. Ku biya shi ladansa, a yi a gaban magada, musamman in akwai marayu a ciki.